Tsofaffin Reluwe na Damagaram: Littafin Aiki

Asabar, 14 ga Satumba 2024

Yau kwana goma sha ɗaya da faɗuwar tsohon masallacin Birni. Ruwan bana bai raga wa ginin ƙasa ba ko'ina cikin Damagaram, amma wannan ya fi taɓa zuciya, don gini ne da ke tsaye tun tsakiyar ƙarni na 19. Na je na tsaya cikin jama'a ina kallon tarin ƙasa da azara, daga nan na wuce Zango gidan Kawu in ga ko ɗakinsa ya tsira. Kusurwa ɗaya ta jiƙe har ƙasa. Muna fid da kaya ni da jikokinsa, sai muka jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, tsatsa ta cinye gindinsa.

A ciki akwai fitilar hannu mai gilashi ja da kore, da usur, da baƙar hula da ta koɗe, da katin aiki wanda gara ta ci gefensa, da wani ɗan littafi da ya cika da ajami. Kawu ya ɗauki fitilar ya murza, gilashin ya koma ja, ya ce, "Wannan in ka ɗaga wa direba, ko sarki ya ɗauko sai ya tsaya."

Tun ina yaro nake jin ana ce masa na-reluwe. Ina koyar da tarihi a lakkol shekara da shekaru, amma ban taɓa zama na tambaye shi yadda mutumin garin da jirgin ƙasa bai taɓa shiga ba ya zama direban jirgi. Ya ce ba shi kaɗai ba ne, akwai sauransu a garin nan, in ban yi sauri ba sai dai in tarar da 'ya'yansu. Na yi niyya zan nemo su, mu riƙa zama a zaurensa ran Asabar bayan la'asar, in ɗauki maganarsu a waya, in kuma rubuta. Wannan littafin na biyu ne, inda zan riƙa ajiye yadda aikin ke tafiya.

Alhamis, 3 ga Oktoba 2024

Kawu ya ce in fara da masu goro a Kasuwar Dole, don goro ta jirgi yake zuwa Kano daga Kurmi, kuma tsofaffin 'yan goro sun san kowa. Haka kuwa aka yi. Wannan ya tura ni wurin wancan, cikin mako uku na haɗa mutum bakwai har da Kawu.

Mafi tsufa shi ne wani dattijo na Garin Malam da ya yi heluma, wato shugaban leburorin layi, tsakanin Gagarawa da Birniwa. Akwai wanda ya sayar da tikiti a Malam Madori, akwai mai juya layi a tashar Kano, akwai biyu da suka yi lodin kaya, buhunan gyaɗa da ƙiraga. Na bakwai hanyarsa daban, shi a Parakou ya yi aiki, cikin ƙasar Benin. Sai kuma wani tsohon direban kamyo, wato babbar motar kaya, da ya ji labari ya zo da kansa, ya ce shekara ashirin yana kai wa jirgi abinci, wato kayan da zai ɗauka, saboda haka ba wanda zai hana shi tabarma. An ba shi.

Kusan dukkansu hanya ɗaya ta kai su: almajirci ko cin rani. Yaro ya bi malaminsa Kano, ko saurayi ya tafi bayan girbi ya nemi kuɗin aure, ya samu lebaranci a tasha, ya zauna. Abin da ya fi tsaya mini shi ne maganar katin aiki. Da aka tambaye su garinsu lokacin ɗauka, wani ya ce Daura, wani Gumel, wani Kazaure, don a rubuta a wuce wurin. Katin Kawu Daura aka sa. Ke nan wanda ya buɗe takardun Najeriya ba zai ga Badamagare ko ɗaya ba, wanda ya buɗe na Nijar kuma ba zai ga ma'aikacin jirgi ba. In ba a ji daga bakinsu ba, ba inda za a ji.

Asabar, 19 ga Oktoba 2024

Zama na farko. Na kawo goro da sukari da ganyen shayi, jikan Kawu ya hura gawayi. Wasu cikinsu sun fi shekara goma ba su haɗu ba, alhali gari ɗaya suke. Gaisuwa kaɗai ta ci rabin lokaci, ana tambayar wane, a ce ya riga mu gidan gaskiya, a yi masa addu'a, a tambayi wani.

Na ajiye waya tsakiyar tabarma, da na dawo gida na saurara sai hayaniya, bakin mutum takwas a lokaci ɗaya. Daga yau zan riƙa ɗaukar mutum ɗaya a gidansa cikin mako, ran Asabar kuma a bar su su yi hirarsu, ni in riƙe biro.

Amma hayaniyar ba ta tafi banza ba. Gardama ta tashi kan tashoshin layin Kano zuwa Nguru, wanda aka gama a 1930, tsawonsa kimanin kilomita 230. Mai tikiti ya fara jerowa, heluma ya katse shi, ya ce ya tsallake ƙananan wuraren da jirgi ke shan ruwa. Mai tikiti ya ce, "Baba, ni abin da ke kan tikiti na sani." Heluma ya ce, "Ni kuwa da ƙafa na auna shi, ɗana." Sun yarda a kan Ringim, Gagarawa, Malam Madori, Birniwa, sannan Nguru inda dogo ya ƙare. Sauran sunayen na rubuta su gefe da fensir, sai na samu wanda zai tabbatar.

Nguru ita ce bakin kowa. Can ake loda shanun da aka koro da ƙafa daga ƙasashenmu na gabas, can ake bandar nama a tura Kurmi. Ɗaya daga masu lodin ya ce in aka rufe wagunun shanu sai makiyayi ya shiga tare da su, ya kwana a tsaye, yana ta da wadda ta kwanta don kada 'yan uwanta su tattake ta kafin Ikko.

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Kwana uku a jere ina zuwa wurin Kawu da hantsi. Na samu awa huɗu da 'yan mintoci, kuma shi ne abu mafi daraja da ke hannuna zuwa yanzu.

Ya shiga aiki yana saurayi, 'yan shekaru bayan an mai da reluwe hukuma mai zaman kanta a 1955. Ba wanda ke fara aiki a kan kujerar direba. Sai ka yi shekaru kana goge kan jirgi a loko, wato inda ake ajiye kawunan jirgi ana gyara su, kana kwashe toka, kana shiga ƙarƙashinsa da tsumma da mai, har ka san kowane ƙarfe da hannunka. Daga nan a ba ka shebur ka zama fayaman. Ya ce mutane na zaton aikin fayaman zuba kwal ne kawai, alhali dafa ruwa ne da hankali. Wuta ba a tara ta wuri ɗaya, ana watsa kwal ne sirara-sirara, a cika kusurwoyi, a bar iska ta ratsa ta ƙasa. Idonka ɗaya na kan agogon tururi, ɗaya na kan gilashin ruwa, don in ruwan tukunya ya yi ƙasa ƙarfe ya bushe a kan wuta, ba jirgi kaɗai za a rasa ba. Kuma dole ka san hanya kamar direba: ka gina wuta tun kafin hawa, ka sassauta kafin gangara. Kwal ɗin daga Inugu ake kawo shi. Ya ce in ka yini kana zuba shi, kwana biyu kana tofar da baƙin yawu.

Ya tashi tsaye, mutumin da sai da sanda yake zuwa masallaci, ya gwada mini yadda ake juya ƙugu da shebur ba tare da an ɗaga ƙafa ba. Na ajiye biro na ɗauki hoton bidiyo.

Na tambaye shi yadda jirgi biyu ba sa karo a layi ɗaya tilo. Ya ce tsakanin kowace tasha da ta gaba akwai ƙarfen izini, kuma na'urar ba ta sakin biyu a lokaci ɗaya. Shugaban tasha ya buga wa na gaba, na gaba ya yarda, sannan ƙarfen ya fita a miƙa wa direba. In ba ya hannunka ba ka motsawa, ko da kana hango hanya fayau har ƙarshen gani. Ya ce shi ya sa har yau in yaro ya ce masa ai ba kowa a hanya, sai ya tambaye shi wa ya ba shi izini.

Da muka zo kan wanda ya koya masa tuƙi sai muryarsa ta canza. Mutumin Gabas ne, Inyamuri, Kirista, wanda ke rage gudu daidai lokacin da zai ba Kawu damar yin salla a tasha, yana kuma raba masa abincin da matarsa ta ƙunsa. A 1966, da kashe-kashe suka ɓarke a Kano, ma'aikatan reluwe 'yan Gabas na cikin waɗanda abin ya fi shafa, waɗanda suka tsira suka tafi. Kawu ya ce, "Kashe abin nan." Na kashe. Ya yi magana kusan rabin awa, ya ce wannan tsakanina da shi ne, kuma haka zai zauna. Abin da ya yarda in rubuta shi ne bai sake ganin maigidan nasa ba, kuma kujerar direba da ya samu bayan nan bai taɓa jin daɗinta yadda ya yi zato ba.

Sauran na dizal ne, da zuwan Indiyawan da aka ba riƙon reluwe daga 1979 zuwa 1982, da dawowarsa gida bayan korar baƙi ta 1983. Wannan sai wani zama.

Asabar, 23 ga Nuwamba 2024

Hunturu ya shigo da ƙura, mutum uku kawai suka zo, biyu na tari. An sha shayi an watse da wuri. Na kwashe duk abin da ke waya na zuba a kwamfutar wani abokin aikina, na kuma sayi ɗan katin ajiya na jikka uku na bar shi a gidan ƙanwata. Ruwan bana ya koya mini kada in ajiye abu wuri ɗaya.

Asabar, 14 ga Disamba 2024

Yau ranar mutumin Parakou ce. Tun farko yana ɗan ja da baya, don su duka kalmominsu na aiki daga Ingilishi suka fito, nasa daga Faransanci, har mai juya layi ya taɓa ce masa jirginsu na wasan yara ne. Yau na roƙi a ba shi fili.

Ya bayyana abin da yara da yawa a ajina ba su sani ba: Nijar ta yi shekaru tana da rabo a jirgin ƙasa alhali ko taku ɗaya na dogonsa bai taɓa ƙasarta ba. A 1959 aka kafa hukumar haɗin gwiwa ta Dahomey da Nijar, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan Dahomey ta zama Benin. Layin ya tashi daga Kwatano ya tsaya a Parakou, kilomita 438, kuma tun shekarun 1930 bai ƙara gaba ba. Daga nan sai kamyo. Shi aikinsa ke nan, sauke kaya daga wagunu a ɗora wa motocin da za su haura Gaya da Dosso, a kuma karɓi abin da suka sauko da shi. Direban kamyo ya karɓe zancen, ya ce tun a shekarun 1950 Faransawa suka shirya abin da suka kira Hirondelle, don gyaɗar Nijar ta bi ta Parakou maimakon ta bi jirgin Ingilishi. Amma mu nan gabas, in ji shi, Kano na kusa, kilomita wajen 240, wa zai kai gyaɗar Magarya ko Matamai har Parakou in ba dole ba?

Daga nan aka koma kan faɗin layi. Mutumin Parakou ya ce nasu mita ɗaya ne cif. Heluma ya ce nasu ƙafa uku da inci shida. Kowa ya ce nasa ya fi faɗi. Na aika yaro ya aro tef wurin tela na bakin titi, muka ja layi biyu a ƙasar zaure. Na Benin milimita 1000, na Najeriya 1067. Bambancin bai kai faɗin tafin hannu ba. Heluma ya tsuguna ya sa yatsu huɗu a tsakani, ya daɗe yana kallo, ya ce ashe wannan ɗan abin ne zai hana taragonsu hawa layin juna har abada.

Na ƙara ja musu na uku, 1435, faɗin sabon layin da ake ginawa daga Kano zuwa Maraɗi. Na kuma gaya musu wanda aka shimfiɗa daga Yamai zuwa Dosso, kimanin kilomita 140, wanda aka yi bikinsa a farkon 2016 amma bai yi jigilar yau da kullum ba, shi mita ɗaya ne irin na Benin. Ke nan ƙasa ɗaya za ta samu dogo iri biyu da ba sa haɗuwa. A ganina wannan magana ce da ya kamata a riƙa yi da Hausa a gidajen rediyonmu, don tsofaffin nan da ba su yi lakkol ba sun gane ta cikin minti biyar da tef ɗin tela.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Zaman yau ya koma baya fiye da shekarun kowa a zauren. Limamin unguwa ya leƙo, aka ba shi wuri, ya ce kakansa ya ba shi labarin lokacin da Zango take cike da raƙuma. Sunan unguwar ma daga nan yake, masaukin ayari. Fatake na tasowa daga Tarabulus, su bi Gadamas da Gat, su ratso Abzin da Damargu, su sauke a nan kafin Kano. Su kawo yadi da takarda da sukari, su koma da fatu da gashin jimina da hauren giwa.

A 1911 dogo ya iso Kano. A shekarar nan kuma Italiya ta faɗa wa Tarabulus. Kayan da raƙumi ke wata da watanni yana ɗauko wa ta hamada sai ga shi ya biyo teku zuwa Ikko, ya hau jirgi, ya iso da sauri kuma da araha. Cikin 'yan shekaru ayarin arewa ya mutu. Raƙuman da jakunan ba su zauna ba, sun juya suna kai gyaɗa da fata kudu, inda ake tara buhuna dala-dala a Kano ana jiran wagunu. A 1926 kuma Faransawa suka ɗauke babban birni daga nan suka kai Yamai.

Na dawo gida ina juya wannan. Kullum ina gaya wa ɗalibai cewa Damagaram ba ta da tarihin jirgin ƙasa, ashe kuskure nake koyarwa. Garin da ƙofarsa ke kallon arewa, jirgin da bai taɓa jin kukansa ba ya juya shi ya kalli kudu, kuma su Kawu da suka bi hanyar Kano suna samari, wannan juyin ne ya ɗebe su. Zan gyara darasin aji uku kafin hutun gaba.

Asabar, 25 ga Janairu 2025

Matata ce ta ce mini, "Malam, kai maza kawai kake ɗauka, su wa suka dafa musu?" Ta yi gaskiya. Ita ta shiga cikin gida da wayar, ni na tsaya zaure.

Inna, matar mai tikiti, ta yi shekara goma sha ɗaya a gidajen ma'aikata na Malam Madori. Ta ce agogonsu jirgi ne: da kukansa ake ɗora tukunya, da shi ake sanin an makara. Tana dama fura tana soya ƙosai, 'ya'yanta na kaiwa bakin tagogin tarago, kuma dole yaro ya iya ba da canji kafin jirgi ya motsa, in ba haka ba kwano ya tafi Nguru sai gobe. A nan ta koyi gaisuwa da Yarbanci da Barbarci, ta koyi miyar agushi wurin maƙwabciyarta, ita kuma ta koya mata dambu. Da kuɗin furar ta sayi tumaki biyu ta aiko gida, su ne asalin garken da ya aurar da 'ya'yanta mata.

Ta fito da wani kwanon sha mai murfi da ta ce a jirgi wani fasinja ya bar mata a madadin nata da ya tafi da shi. Mun ɗauki hotonsa. Akwai mata uku da suka rage, biyu mazansu sun rasu. Matata ta ce aikinta ne daga yau.

Talata, 4 ga Fabrairu 2025

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Baba heluma ya rasu jiya da dare, an kai shi da safe. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta.

Minti arba'in kawai nake da su na muryarsa shi kaɗai. Sau biyu na sa ranar komawa, jarrabawar yara ta hana ni, na ce bayan sanyi. Abin na damuna ƙwarai.

Daren nan na saurari minti arba'in ɗin. Yana bayanin mai bin layi, wanda ke fita da asuba da guduma da sifana, ya taka rabonsa na hanya shi kaɗai, yana bugun ƙarfe yana saurare. Ya ce noti mai kwance daban yake amsawa, kamar tulu mai tsaga. Ya bayyana dalilin ɗan ratar da ake bari tsakanin ƙarfe da ƙarfe, don in zafin bazara ya buɗa su su samu wurin miƙewa, in ba haka ba layi ya lanƙwashe kamar maciji. Da damina ruwa ke kwashe tsakuwar ƙarƙashi ya bar dogo a rataye, da rani kuma rairayi ke binne shi wajen Birniwa, su yini da shebur. Ya ce dare ɗaya ruwa ya cinye wata kwalbati, ya yi gudu cikin duhu da jar fitila ya tare jirgin kaya. Ba wanda ya rubuta sunansa ko'ina saboda haka, ya ce, amma direban ya sauko ya rungume shi.

A wurin gaisuwa babban ɗansa ya kawo mini gudumar, ƙotarta ta yi santsi saboda hannu. Ya ce, "Malam, Baba ya ce in ya tafi a kai wa masu zaman Asabar." Na karɓa, na rubuta masa takarda cewa amana ce, ta gidansu ce duk ranar da suka nema.

Na sake tsarin aiki. Ba bin unguwa-unguwa kuma, wanda ya fi tsufa ko rashin lafiya shi ne farko.

Asabar, 22 ga Fabrairu 2025

Ɗalibaina huɗu sun shigo aikin, mata biyu maza biyu. Suna saurare suna rubutawa, awa ɗaya ta magana tana cin musu kusan yini. Mun yi shawara a rubuta yadda mutum ya faɗa, da Damagaranci ko da Kananci, kada a gyara masa baki. Kalmomin aiki kuma muna tara su a baya da bayaninsu: loko, wagunu, fayaman, heluma, sigina, diga. Mun wuce sittin.

Littafin ajamin Kawu ya ba mu wuya, tawada ta bazu. Wani malamin allo na Birni ya zauna da mu ya karanta shafi goma sha biyu. Lissafin albashi ne da fam da sule, sannan naira daga 1973, da abin da ya aiko gida kowane wata, da sunayen tashoshi da addu'ar da yake karantawa kafin ya ja jirgi. A ciki muka samu biyu daga ƙananan wuraren shan ruwan da heluma ya ambata, na goge fensir na sa biro.

Asabar, 15 ga Maris 2025

Azumi, an dakatar da zaman la'asar. Bayan tarawi nake bi gida-gida ina kunna wa kowa muryarsa, in tambaye shi abin da ya yarda a fitar da abin da za a rufe. Mai juya layi ya sa an cire wani wuri da ya ambaci sunan wanda ya yi kuskure har tarago ya sauka daga layi, ya ce mutumin na da jikoki. An cire.

Asabar, 12 ga Afrilu 2025

An dawo zama bayan salla, mutum shida da direban kamyo, ga zafi. Abin da ke hannu yanzu: awa ashirin da uku na murya, an rubuta tara; hotuna na kaya goma sha huɗu; fitila, usur, guduma da katin aiki uku suna cikin sabon akwati a ɗakina, an ɗora shi kan bulo.

Hirar yau kan layin Maraɗi ce, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kilomita 284 daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Mai tikiti ya lura da abin da ban lura ba, ya ce mu nan ba Maraɗi za mu je hawa ba, Daura ta fi kusa, ta Matamai da Ɗan Barto. Kawu ya yi dariya ya ce to katinsa bai yi ƙarya da yawa ba ke nan. Sannan ya tambaya ko za a ɗauki yaranmu aiki, kuma in an ɗauke su wane gari za a rubuta musu. Ba wanda ya amsa.

Suna son a kai su Nguru su ga tasha. Na gaya musu gaskiya, jikin Kawu ba zai ɗauki hanyar ba cikin wannan zafi, kuma kuɗin mota bai taru ba, jikka goma sha takwas ke cikin asusun da ɗalibai da iyayensu suka haɗa. Shawarar da aka tsaya a kai ita ce ni da mai tikiti da ɗalibi ɗaya mu fara zuwa kafin ruwa ya sauka, ta Dungas mu faɗa Maigatari, mu bi Gumel zuwa Malam Madori, mu ɗauko hotuna mu kawo musu. Inna ta ce in duba ko durumin da ke bayan gidajen ma'aikata yana nan. Kawu ya ce in tafi da tef, in auna layin da hannuna, in kuma ɗauki gudumar heluma in buga ƙarfe sau uku kusa da waya, yana so ya ji.

Saura in nemi izinin kwana uku a lakkol, in kuma tambayi ɗan heluma ko ya yarda gudumar ta ƙetare iyaka.